Murna a Lokacin Tsada: Mu Karanta Ayoyin Farin Ciki Tare da Surorinsu



Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur a jawabinsa na kama mulki, rayuwa a Zariya ba ta koma yadda take ba. Litar man da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, a Oktoban 2024 kuma ta wuce naira 1,000. Dala da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta zarce naira 1,500 a farkon 2024. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamban 2024. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne, kuɗin da da ƙyar yake sayen buhun shinkafa guda a lokacin.

A cikin waɗannan shekaru ne kuma ayoyin farin ciki suka ƙara yawa a idonmu. Suna jikin allunan tallan taron farkawa daga Kwangila har PZ, suna bayan keke, suna yawo a WhatsApp kowace safiya. Waɗanda suka fi fice su ne Nehemiya 8:10, Habakuk 3:17-19, da Filibiyawa 4:4 tare da 4:13. Dukansu Maganar Allah ce, gaskiya ce kuma. Amma akwai tambayar da ya kamata kowane mai wa'azi da kowane mai bi ya tsaya a kanta: idan muka ce wa gwauruwar da ba ta ɗora tukunya jiya ba ta yi murna cikin Ubangiji, me muke nufi?

Waɗannan ayoyi a cikin yunwa, da barazanar yaƙi, da kurkuku aka rubuta su. In an yanke su daga surorinsu, sukan zama ƙarin kaya a kan matalauci. In an karanta su da abin da ke gabansu da bayansu, sukan ba shi damar kuka, su ba shi bege, su kuma ɗora wa ikilisiya aiki.

Yadda matsin ya shigo majami'a

Samaru gari ne da numfashinsa yake haɗe da Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962. Mai gidan haya, mai sayar da abinci, ɗan acaba, mai shagon buga takardu, mai wanki da guga, duk daga aljihun ɗalibi da ma'aikacin jami'a suke ci. Da ƙungiyar ASUU ta yi yajin aiki daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, 2022, wata takwas cur, ɗakunan haya sun zauna a kulle, jarin mata da yawa ya narke. Ba a gama farfaɗowa ba sai ga ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, daga nan sai cire tallafi. Sabon Gari kuwa, wadda ta taso da zuwan jirgin ƙasa a wajen 1911, wurin ciniki ce da jigila. In mai ya tashi, kuɗin dakon kowane buhu ya tashi, ciniki ya ja baya.

Gona ma ba ta tsira ba. A Samaru ne Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IAR take, inda ake fitar da ingantaccen irin masara na SAMMAZ da na wake na SAMPEA. Amma iri mai kyau ba ya amfanar manomin da 'yan bindiga suka raba da gonarsa, kamar yadda ya faru a ƙauyuka da dama na Giwa da Birnin Gwari. A 2025 da farashin hatsi ya sauko, mai saye ya ɗan numfasa, manomin da ya sayi taki da tsada kuwa ya ga kuɗinsa ba su dawo ba.

Wannan matsi yana shiga ikilisiya ta ƙofa uku. Ta fari, kuɗin mota. Iyalin da ke zaune a Hayin Dogo ko Palladan ko Basawa, majami'arsu kuma tana da nisa, dole su zaɓi rana ɗaya a mako, kuma Lahadi suke zaɓa. Abin da ke fara mutuwa shi ne nazarin Littafi Mai Tsarki na tsakiyar mako, wato wurin da ake karanta sura gaba ɗaya a yi tambayoyi. Ta biyu, baiko. Ko adadinsa bai ragu ba, abin da yake iya saye ya ragu, sai jaraba ta zo wa mai wa'azi ya riƙa karkata kowace aya zuwa ga bayarwa. Ta uku, waya. Gurbin da nazari ya bari, gajerun bidiyo na Facebook da TikTok suke cike shi: aya ɗaya, alkawari ɗaya, lambar asusun banki a ƙasa. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Mun ga inda neman mafita ta gaggawa yake kai mutane. MMM ta kulle kuɗin jama'a a Disamban 2016, CBEX ta rushe a Afrilun 2025. Wa'azin da yake cewa ka shuka dubu biyar ka girbe dubu ɗari biyar kafin ƙarshen wata, harshensa ɗaya da nasu. Sai dai ɓarnarsa ta fi tasu. In tsarin damfara ya rushe, mutum kuɗi ya rasa. In alkawarin da aka yi masa da sunan Allah bai cika ba, yakan rasa kuɗi da bangaskiya tare. Ko ya ce Allah ya yaudare shi, ko ya ce shi ne mai laifi, bangaskiyarsa ce ba ta kai ba. Kowanne ya ɗauka, murnarsa ta mutu. Maganin wannan yana cikin ayoyin nan da kansu, in muka koma muka karanta su yadda aka rubuta su.

Nehemiya: murnar da ta zo da kwanon abinci

Abin da ke cikin Nehemiya 8 ya faru a Urushalima wajen shekara 445 kafin haihuwar Almasihu. Zuriyar waɗanda suka dawo daga bauta a Babila sun gama gyaran garun birni cikin kwana 52. Suka taru a dandalin da ke gaban Ƙofar Ruwa, su da kansu suka roƙi Ezra ya kawo Littafin Shari'a. Ya hau dakalin katako, ya yi karatu tun da sassafe har tsakar rana, Lawiyawa kuma suna bayyana wa jama'a ma'anar abin da ake karantawa. Abin da ya fara fitowa daga bakin jama'ar kuka ne. A nan aka faɗi maganar da muke so, wadda ta haɗa ƙarfin mutanen Allah da murnar da Ubangiji yake bayarwa.

Amma a cikin aya ta 10 ɗin nan, kafin a kai ga maganar ƙarfi, akwai umarni: su je su ci abinci mai kyau, su kuma aika da rabo gidajen da ba a girka kome ba. Wannan rabin ayar ba kasafai yake hawa allon talla ba.

Su wane ne waɗanda ba su girka kome ba? Mu koma sura 5. An yi yunwa a ƙasar. Wasu sun jinginar da gonaki da gidaje don su sami hatsi. Wasu sun ci bashi don su biya harajin sarkin Farisa. Wasu har sun ba da 'ya'yansu bauta. Masu cin wannan riba kuwa 'yan'uwansu ne, manyan gari. Nehemiya ya kira babban taro, ya tsawata musu a bainar jama'a, ya sa suka yi rantsuwa za su mayar da gonakin da ruwan da suka karɓa. Shi kansa, shekara 12 yana gwamna bai karɓi kuɗin abincin da gwamna yake da iko a kai ba, don ya ga nauyin da ke kan talakawa.

Murnar sura 8 a kan gyaran sura 5 take zaune. Dattijon ikilisiya da yake ba ɗan'uwansa bashi da ruwa mai nauyi, ko mai gidan da ya ninka kuɗin ɗaki a kan ɗalibin da iyayensa suka gudo daga ƙauye, ya kamata ya fara da sura 5 kafin ya ɗaga murya da aya ta 10.

Habakuk: murnar da ta biyo bayan ƙorafi

Habakuk ya yi annabci a ƙarshen ƙarni na bakwai kafin haihuwar Almasihu, gab da Babila ta auka wa Yahuza. Littafinsa gajere ne, sura 3, aya 56, minti goma ya isa a karanta shi. Ayoyin murna su ne uku na ƙarshe. To, 53 da suka riga su fa?

Annabin ya buɗe da ƙara. Yana tambayar Allah dalilin jinkirinsa alhali ga tashin hankali, ga zalunci, shari'a ta yi sanyi, mugu ya fi ƙarfin mai gaskiya a gaban alƙali. Amsar da ya samu ta fi tambayar ɗaci, domin Allah ya ce da al'ummar da ta fi su mugunta zai hore su. Annabin ya sake ƙorafi. A sura 2 aka ba shi maganar da ta ɗaure rayuwar adali da bangaskiyarsa (2:4), wadda Sabon Alkawari ya ɗauko sau uku: Romawa 1:17, Galatiyawa 3:11, da Ibraniyawa 10:38. Daga nan sai kaito biyar suka biyo, ciki har da na masu tara dukiyar da ba tasu ba, da masu gina gida da haram, da masu kafa birni da jinin mutane.

Sai a ƙarshe ya lissafta abubuwa shida da za su iya ƙarewa: ɓaure, inabi, zaitun, amfanin gona, tumaki, da shanu. Tattalin arzikin ƙasar ke nan gaba ɗaya. Da a nan yake, da masara da dawa da wake da awaki da albashi zai lissafta. Aya ta 16 ta nuna jikinsa na rawa don tsoro. A cikin wannan hali ya ƙudura zai yi murna, abin murnar tasa kuwa Allah ne, Mai Cetonsa. Littafin bai ƙare da cikar rumbu ba. Abin da annabin ya samu shi ne ƙafa irin ta barewa, wadda ke iya taka dutse ba ta zame ba.

Zariya ta san irin wannan rawar jiki. Ranar Lahadi 17 ga Yuni, 2012, an tayar da bom a majami'ar Katolika ta Christ the King a Sabon Gari da majami'ar ECWA a Wusasa. Ranar 7 ga Yuli, 2015, wani bom ya tashi a sakatariyar ƙaramar hukumar Sabon Gari, a cikin ma'aikatan da suka zo tantancewa. A Agustan 2024, lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, an sa dokar hana fita ta awa 24 a Kaduna da Zariya, wani matashi kuma ya rasu a Samaru da harsashin soja, abin da rundunar soja da kanta ta amsa. Tsada da harsashi ba sa tambayar mutum ko masallaci yake zuwa ko coci.

Iyalan da irin waɗannan ranaku suka taɓa ba sa bukatar a hana su kuka. Kusan kashi ɗaya cikin uku na Zabura 150 waƙoƙin kuka ne. Zabura 88 ta ƙare ba tare da kalmar ta'aziyya ba, Ruhu Mai Tsarki kuma ya bar ta haka a cikin Littafi. Ubangijinmu ya zub da hawaye a kabarin Li'azaru, ko da yake ya san abin da zai yi nan da ɗan lokaci. Ikilisiyar da ba ta da wurin kuka, murnarta ta fatar baki ce.

Bulus: murnar mai sarƙa a hannu

Wasiƙar Filibiyawa tana da aya 104, kalmomin murna da farin ciki kuma sun fito a cikinta kimanin sau 16. Wanda ya rubuta ta ɗan kurkuku ne, bai ma san ko za a sake shi ko za a kashe shi ba. A zamanin Romawa, wanda yake tsare yakan dogara ga 'yan'uwa da abokai don abinci da sutura. Shi ya sa ikilisiyar Filibi ta aiki Abafaroditas da gudummawa, shi ma ya kamu da ciwo har ya kusa mutuwa. Bulus bai ɓoye cewa da ya mutu baƙin cikinsa zai ninku ba (2:27), a sura 3 kuma ya ce da hawaye yake rubutu.

Yanzu mu duba 4:13, ayar da muke rubutawa a bayan littafin jarrabawa da ƙofar shago. Ayoyi biyu da suka riga ta suna maganar mutumin da ya san ƙoshi, ya san yunwa, ya kuma koyi wadar zuci a cikin kowanne. Lura da kalmar koyo: abu ne da ya ɗauki lokaci. Ƙarfin da Almasihu yake bayarwa a wannan aya ya haɗa da ƙarfin kwana da yunwa ba tare da ka yi sata ko ka bar bangaskiya ba. Alkawarin biyan bukata na 4:19 kuma ga ikilisiyar da ta riga ta raba ɗan abin da take da shi aka yi shi. A 2 Korantiyawa 8:1-2 Bulus ya shaida ikilisiyoyin Makidoniya, inda Filibi take, cewa wahala mai tsanani, da talauci mai zurfi, da murna mai yawa sun haɗu a cikinsu, abin da ya fito daga haɗuwar kuwa shi ne hannu sake. Ba ciniki suka yi da Allah ba. Sun ga ɗan'uwa cikin bukata, suka miƙa.

Wannan ba maganin barci ba ne?

Wani matashi zai ce: "Fasto, ashe ba haka ake lallaɓa talaka ya yi shiru, manya su ci gaba da ci ba?" Tambayar tana da nauyi, domin an sha amfani da addini ta wannan hanya. Amma mutanen nan uku ba su yi shiru ba. Habakuk ya ambaci zunubin masu iko ɗaya bayan ɗaya. Nehemiya ya sa masu kuɗi sun amayar da abin da suka ci. Bulus da Sila, waɗanda suka raira waƙa da tsakar dare a kurkukun Filibi, da gari ya waye suka ƙi a sallame su a ɓoye. Bulus ya ce an bulale su ba tare da shari'a ba alhali su 'yan ƙasar Roma ne, don haka mahukunta su zo da kansu su fitar da su (Ayyukan Manzanni 16:37). Mai murna cikin Ubangiji yana iya neman haƙƙinsa, ya tambayi kansila da ɗan majalisa ina aikin da aka yi alkawari, ya karɓi katin zaɓe, ya ƙi sayar da ƙuri'arsa a kan taliya da sabulu. Abin da murnar take hana shi shi ne ƙiyayya, da ramuwa, da fid da zuciya.

Abin da ikilisiya za ta iya farawa yanzu

1. A kai nazari unguwa-unguwa. In kuɗin mota ya hana mutane zuwa majami'a ranar Laraba, gidaje biyar ko shida da ke kusa da juna su taru a tsakar gida ɗaya, a karanta littafi guda daga farko har ƙarshe. Nehemiya 8:12 ta ce dalilin bikin jama'ar shi ne sun gane abin da aka karanta musu. Mu a Zariya muna da bashi a kan wannan. Dakta Walter Miller na ƙungiyar CMS ya zauna a birnin Zariya tun 1905, mishan ɗin ya koma Wusasa a wajen 1929, shi ne kuma ya jagoranci aikin da ya kai ga buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. An sake fitar da wata fassara a 1979. An sha wannan wahala ne don mu sami littattafai 66 da harshenmu, bai kamata mu ƙare da ayoyi goma ba.

2. Mai karatu ya taimaki marar karatu. Samaru cike take da ɗalibai masu bi. Awa ɗaya a mako ta isa ɗalibi ya riƙe ajin yaƙi da jahilci, ko ya sa wa tsohuwa Littafi Mai Tsarki na sauraro a wayarta.

3. A gwada kowane wa'azi, har da wanda ake yi a bagadinmu. Mutanen Biriya sun riƙa bincika Nassi kullum don su tabbatar da abin da Bulus ya koya musu, aka kuma yabe su (Ayyukan Manzanni 17:11). Tambayoyi uku sun isa: wa ya rubuta wannan aya, kuma a wane hali? Me ke gabanta, me ke bayanta? Wa zai amfana in na yi abin da ake ce mini in yi?

4. A buɗe rumbun ikilisiya. Kowane gida da ke da hali ya kawo mudu ɗaya a wata. Zumuntar Mata sun fi kowa sanin gidan da ba a hura wuta ba, su ya kamata a ba wa rabon. A kai da yamma, ba hoto, ba sanarwar suna, amma a karanta lissafin abin da ya shigo da wanda ya fita a gaban jama'a. Kada a tsallake maƙwabci don addininsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

5. A ba kuka wuri a cikin sujada. A karanta Zabura ta makoki, a ambaci waɗanda ke hannun masu garkuwa, da marasa aiki, da masu jinya a Shika, a yi musu addu'a a tsanake kafin a buga ganga.

'Yan'uwa, farashin mai zai iya sauka, zai iya sake hawa. Murnar da ke rataye a jikin allon gidan mai za ta riƙa hawa da sauka tare da shi. Tamu tana da wani tushe. A daren da za a bashe shi, Yesu ya gaya wa almajiransa cewa za su yi baƙin ciki, amma in ya sake ganinsu za su sami murnar da ba mai iya ƙwace musu (Yohanna 16:20-22). Ya mutu, ya tashi, yana nan da rai. Saboda haka za mu iya yin kuka ba tare da kunya ba, mu faɗi gaskiya ba tare da ƙiyayya ba, mu kuma raba mudunmu ba tare da tsoron gobe ba.

A wannan mako, ka ɗauki Habakuk ka karanta shi duka a zama ɗaya tare da iyalinka. In kun gama, ku tambayi juna gidan da za ku aika wa rabo.

Ubangiji ya buɗe mana Maganarsa, ya riƙe ƙafafunmu a kan dutse. Amin.